Saka Katin Kula da Faya-fayan Ajiya a Saba: Lacca ga Masu Sana'ar Kwamfuta na Funtuwa da Malumfashi

 

Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe.   Ƙannena maza da mata masu sana'ar kwamfuta, na cikin Funtuwa da waɗanda suka yi sammako daga Malumfashi, Bakori, Ƙafur, Ɗanja, Ɗandume da Faskari, sannunku da zuwa, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Maudu'in da aka ba ni shi ne yadda ake saka katin kula da faya-fayan ajiya a cikin saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis ke ɗibar bayanai daga gare ta. Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa ƙasar auduga da masara da wannan magana? Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa garin nan ya kai Ƙauran Namoda a 1929, tun zamanin da kamfanin BCGA ke gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, arzikin yankin nan a rubuce yake tafiya: wa ya kawo, buhu nawa, nauyi nawa, nawa aka biya shi, nawa ya rage. A da malamin awo ne da littafinsa. Yau littafin ya koma cikin na'ura. Dilan taki da iri da maganin feshi mai ba manoma bashi zuwa kaka, injin gurza, ƙaramin banki, asibiti, makaranta, da yawansu suna da wani akwati a lungu da ke gurnani dare da rana. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, babu cibiyar jarrabawar da za ta yi aiki ba saba. Ga kuma tashar sauke kaya ta kan tudu da aka kawo Funtuwa. Idan faifan da ke riƙe da sunayen manoma da bashin da ke kansu ya mutu a makon da aka fara karɓar amfanin gona, rigimar ba za ta tsaya a ɗakin kwamfuta ba. Sai ta kai gaban mai unguwa, wani lokaci har kotu.

Soka katin a gurbinsa aikin 'yan mintoci ne, kowane yaron shago zai iya. Amma littafin da ke zuwa da katin an rubuta shi ne don ɗaki mai sanyi, marar ƙura, wanda wuta ba ta yankewa a cikinsa. Mu ba haka muke ba. Saboda haka zan bi aikin daki-daki, in tsaya a wuraren da yanayinmu ke sauya hukunci.

Na ɗaya: mene ne aikin katin, kuma wane iri ne naka?

Katin allo ne da bai wuce tsawon tafin hannu da ɗan ƙari ba, ana soka shi a gurbin PCIe da ke jikin madabod. Shi ke tsayawa tsakanin ƙwaƙwalwar saba da faya-fayanta. Ramukan SATA na jikin madabod ba su da yawa, kuma ba sa karɓar faifan SAS, wanda aka fi samu a manyan sabobi. Katin SAS kuwa yana karɓar duka biyun. Ku riƙe wannan, domin an sha sayen faifan SAS da araha a zo gida a rasa inda za a soka shi.

Katin iri biyu ne. Akwai HBA, wanda miƙa faya-fayan kawai yake yi ga manhajar da ke tafiyar da saba, kowane faifai da kansa, ba ya tsoma baki. Akwai kuma katin RAID, mai ƙwaƙwalwar kansa da ma'ajiyarsa ta wucin gadi, wanda ke haɗa faya-fayai da yawa ya nuna su a matsayin guda, ta yadda idan ɗaya ya mutu aiki ba zai tsaya ba. Dabarar ta samu sunanta daga maƙalar da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar a 1988. Hujjarsu ita ce tara ƙananan faya-fayai masu araha, tare da ajiye lissafin da za a sake gina bayanai da shi, zai iya tsayawa a madadin ƙaton faifai guda mai tsada.

To wanne za ka saya? Manhajar da za ka ɗora ita za ta gaya maka. Idan Windows Server ce ko ESXi, katin RAID ya dace. Idan TrueNAS ce, ko Proxmox da za ta yi aiki da tsarin ZFS, HBA za ka nema, domin ZFS na son ganin kowane faifai da idonta, ita ke yin haɗin da kanta. Wanda ya ɗora ZFS a kan haɗin katin RAID ya rufe mata ido, ba za ta ga faifan da ya fara ciwo ba.

Na biyu: saye.

Galibin sabobin da nake gani a yankin nan na hannu ne: Dell PowerEdge irin R720 da R730, ko HP ProLiant DL380, an ɗauko su daga Computer Village ta Ikeja ko daga shagunan titin Beirut a Kano. Wannan ba aibi ba ne, na'urori ne masu ƙwari. Amma mai sayen kayan hannu dole ya fi mai sayen sabo yawan tambaya.

Fara da siffar katin. Dell na kiran nata PERC, HP na kiran nata Smart Array. A cikin na Dell akwai ƙanana da ake kira mini, waɗanda ba sa shiga gurbin PCIe na yau da kullum, suna da mazauninsu na musamman a madabod. H710 mini na zuriyar R720 ne, H730 mini na zuriyar R730, ɗaya ba ya zama a wurin ɗaya. Idan kuwa katin gurbin PCIe ne, duba ƙarfen da ke riƙe shi a bayan akwati, akwai dogo akwai gajere, ka ce a ba ka wanda ya dace da naka. Yawancin katunan nan layi takwas suke so, wato x8. Za su shiga gurbin x16 lafiya. Amma akwai gurbi mai tsawon x16 wanda a ciki layi huɗu kawai aka haɗa masa, sai ka duba rubutun da ke gefensa.

Sai waya, kuma a nan gizo ke saƙa. Tsofaffin katuna masu gudun gigabit 6 bakinsu SFF-8087 ne, masu gudun gigabit 12 galibi SFF-8643. Kowane baki na ɗauke da faifai huɗu. Sai ka san bakin katinka, ka san bakin allon da faya-fayan ke sokuwa a jikinsa, sannan ka sayi waya. Akwai kuma wayar da ke rabuwa gida huɗu. Iri biyu ce: mai tasowa daga kati zuwa faya-fayai, da mai tasowa daga ramukan madabod zuwa allon faya-fayai. A ido kamarsu ɗaya, a aiki ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Sau da yawa kati lafiyayye ake mayar wa mai shago a ce matacce ne, alhali waya ce aka sayo ta baibai.

Tambayi shekarun katin. PERC 6/i da sa'o'insa ba sa ganin abin da ya wuce terabait 2 a faifai guda. Ka sa musu faifan terabait 4, ka yi asarar rabi. Katunan da aka gina a kan guntun SAS2008, irin 9211-8i da ya cika kasuwa, ESXi 7 da ta fito a 2020 ta daina tafiya da su, ko da yake a TrueNAS har yanzu suna aiki. Kuma idan ka ga sunan LSI a jikin kati ka je neman direbansa, ka nemi Broadcom: Avago ta sayi LSI a 2014, sannan ta sayi Broadcom a 2016 ta ɗauki sunanta. Amma katin da ke ɗauke da tambarin Dell ko HP, manhajar cikinsa daga wurin Dell ko HP za ka ɗauko, ko da guntun cikin na LSI ne.

Akwai jabu a kasuwa. Idan farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, ka tuna araha ba ta ado. Ka roƙi mai shago ya kunna katin a gabanka da faifai a jiki, ka kuma karanta ranar da aka rubuta a jikin batirinsa. Zan dawo kan batirin nan.

Na uku: lokacin aiki da shirin da ake yi kafin a taɓa sukundireba.

Yaushe ya kamata a yi wannan aiki? Ba a tsakiyar kaka ba, lokacin da motoci ke layi a bakin sito kuma kowane awo sai an shigar. Ba kuma ana saura kwana uku jarrabawa ba. Ga wanda ke harkar noma, ni na fi son watan Agusta: an gama rabon taki, sabuwar masara ba ta shigo ba, kuma iska na da laima. Sai dai idan hadari ya haɗo a dakata, kada tsawa ta same ka da akwati a buɗe.

Me ya sa na ambaci laima? Kowa a nan ya san tartsatsin da ke tashi idan ka cire riga da dare a hunturu, ko ɗan cizon da hannun ƙofar mota ke yi maka. Wannan lantarki ne da jiki ke tarawa idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, amma ƙasa da bolt 100 na iya raunata guntun da ke jikin kati. Abin takaicin shi ne ba lallai katin ya mutu nan take ba. Zai yi aiki, bayan wata biyu ya fara yar da faya-fayai ba dalili, a yi ta zargin mai shago. Lokacin auduga kuma shi ne lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato lokacin da aka fi kiran ku gyaran gaggawa shi ne lokacin da hannunku ya fi haɗari. Ku sayi abin ɗaurawa a wuyan hannu mai waya, ku maƙala shi a ƙarfen akwatin da ba fenti. Idan babu, ku riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin kowace taɓa kati. Kada a yi aikin a kan kafet, kada a sa yadi mai roba. A sa rigar auduga, ai a garinta muke.

Kafin a kashe saba, a kwafe bayanan gaba ɗaya zuwa wani faifai na waje, sannan a buɗe kwafin a wata kwamfuta a tabbatar yana buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko akwai shi ba. A sanar da mai wurin cewa aiki zai tsaya, a faɗa masa awa nawa, a ƙara a kan abin da ake zato. A rubuta lamba a jikin kowane faifai gwargwadon gidan da yake. A ɗauki hoton wayoyin ciki da wayar hannu. Idan kuma faifan da Windows ke tashi daga kansa zai koma ƙarƙashin sabon katin, a sa direban katin tun tana raye, in ba haka ba shuɗin allo za ka tarar.

Na huɗu: hannu a cikin akwati.

Kashe saba ta hanyar manhajarta. Zare wayar wuta, kuma ka tuna yawancin sabobi gidan wuta biyu gare su, duka biyun za ka zare, domin muddin ɗaya na jone akwai wuta a madabod ko da fanka ba ta juyawa. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci, sauran wutar ta zube. Ɗaga murfi. Cire robar da ke jagorantar iska, ka ajiye inda ba za ka manta da ita ba.

A sabar da ake jerawa a kanta, katin ba ya tsayawa a madabod kai tsaye, yana kwanciya ne a wani ƙaramin allo da ake kira raiza. Ɗago raizar gaba ɗaya, cire ƙarfen da ya toshe gurbin. Fito da katin daga ledarsa, ka riƙe shi ta gefe-gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran zinariyan nan na ƙasa. Daidaita tsagar katin da ta gurbin, ka danna da babban yatsa biyu, ƙarfi ɗaya a kowane ɓangare, har ya zauna. Sunkuya ka duba: idan kana ganin zinariya a gefe ɗaya fiye da ɗayan, bai zauna ba. Idan ya ƙi shiga, kada ka yi masa ƙarfi, akwai abin da ya tokare. Kulle shi da maƙallinsa ko noti.

Jona batir ko abin da ke madadinsa. Jona wayoyin: bakin A na kati zuwa bakin A na allon faya-fayai, B zuwa B. Idan ka sauya su, saba na iya tashi, amma lambobin gidaje za su rikice, ranar da faifai na 2 ya mutu manhaja ta ce na 6 ne, ka zare mai lafiya. Kowace waya sai ka ji ta yi ƙas. Bi da su ta hanyar da aka tanada a gefen akwati, kada su gitta gaban fanka, kada a lanƙwasa su lanƙwasa mai tsanani. Mai da robar iska, rufe murfi, sannan a kawo wuta.

Na biyar: kunnawar farko.

Ƙannena, ku ba ni hankalinku a nan, domin a wannan mataki aka fi yin asarar da ba ta da gyara.

Saba za ta tashi, katin ya nuna sunansa. A tsofaffin na Dell ana shiga tsarinsa da Ctrl da R, a sababbi ta F2. Idan faya-fayan sun taɓa zama a ƙarƙashin wani kati, allon zai nuna maka cewa ya ga Foreign Configuration, ya ba ka zaɓi biyu, Import ko Clear. Ka tsaya. Cire hannunka daga kibod. Katin RAID yana rubuta bayanin haɗin a jikin faya-fayan kansu, abin da sabon katin ya gani ke nan. Import na nufin ya karɓi haɗin yadda yake, da bayanan da ke ciki. Clear na nufin ya share bayanin haɗin. Idan faya-fayan mai wurin ne kuma akwai kayansa a ciki, Import ne, bayan ka duba ka ga duk faya-fayan sun bayyana. Matashi na gaggawa, janareta na shan mai, mai wurin na tsaye a kansa yana duba agogo, sai ya danna na biyun don saƙon ya gushe. Saƙon zai gushe, lissafin shekaru ya bi shi. Haka kuma ƙirƙirar sabon haɗi a kan faifai mai bayanai yana shafe su. Kuma haɗin da katin HP ya yi, katin Dell ba zai karanta shi ba.

Idan faya-fayan sababbi ne, sai zaɓen irin haɗi. Mu ɗauki faifai huɗu, kowanne terabait 4. RAID 0 zai ba ka 16, amma ɗaya ya mutu duka sun tafi, ba na bayanan jama'a ba ne. RAID 5 zai ba ka 12, ya jure mutuwar ɗaya. RAID 6 zai ba ka 8, ya jure mutuwar kowane biyu. RAID 10 shi ma 8, ya fi sauri wajen rubutu, yana jure ɗaya tabbas, biyu kuma idan ba abokan juna ba ne. Mai faifai biyu kacal, RAID 1 ne nasa, kowanne kwafin ɗan'uwansa.

Mai kuɗin zai ce a yi RAID 5, don ya ga 12 ta fi 8. Ku zaunar da shi ku yi masa lissafi. Idan faifai ya mutu aka sa sabo, sai katin ya karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe kafin ya cike sabon. Terabait 4 a gudun megabait 100 cikin daƙiƙa, awa 11 ke nan da ɗoriya, idan ba kowa ke aiki a kan sabar ba. Idan ana aiki, ya fi haka nesa. Wa zai ba ni tabbacin wuta ta awa 11 a jere a nan? Kuma sauran ukun sa'o'in mamacin ne, rana ɗaya aka sayo su, wahala ɗaya suka sha. Idan na biyu ya faɗi a cikin waɗannan awoyi, RAID 5 ya ƙare. Shi ya sa ga manyan faya-fayai a yanayinmu nake cewa 6 ko 10. Idan akwai gida da ya rage, a sa faifai guda a matsayin ɗan jiran gado, wanda katin zai jawo da kansa da zarar wani ya mutu.

A bar katin ya gama share fagen haɗin. Idan wajen ɗora Windows ta ce ba ta ga faifai ba, direba take nema, a ba ta daga filasha. Sannan, kafin a zuba bayanan gaske, a yi gwaji: a zare faifai ɗaya saba na aiki, a ga fitila ta sauya, a ga aiki bai tsaya ba, a mayar, a ga ya sake ginuwa. A kira yaron da zai riƙa kula da wurin ya gani da idonsa.

Na shida: batir da wutarmu.

Da za a ce in zaɓi abu guda in yi lacca a kansa, wannan zan zaɓa.

Ku ɗauki mai sito a lokacin kaka. Manomi ya kawo buhu, mai sito ya karɓa a bakin ƙofa, ya rubuta masa rasit ya sallame shi, sai daga baya a shigar da buhun ciki. Layi na sauri. Amma idan wani abu ya faru da buhunan bakin ƙofa kafin a shigar, rasit na hannun manomi, kaya kuwa babu. Haka katin RAID ke yi idan aka sa shi a tsarin da ake kira Write Back: yana karɓar bayani a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, ya ce wa manhaja an rubuta, alhali bai kai faifai ba tukuna. Idan wuta ta yanke a wannan tsakani, abin da ke ma'ajiyar zai ɓace, kuma manhajar lissafi ta riga ta ɗauka yana nan. Daga nan ake samun rumbun bayanan da ya ƙi buɗuwa da safe.

Batirin katin shi ke tsare wannan ma'ajiya. Tsofaffin katuna batirin lithium ne ke riƙe ta, na kwana biyu zuwa uku idan sabo ne. Sababbi kuwa, da wuta ta yanke sai su juye abin da ke ciki zuwa wata ma'ajiya da ba ta buƙatar wuta, da taimakon batir ko wani babban kafasita. A garin da taransifoma kan lalace a yi mako ana jira, irin na biyun ya fi dacewa da mu, ko da ya fi tsada.

Batirin da ya zo da katin hannu ya riga ya tsufa, zafi kuma na ƙara tsufar da shi. Ku ɗauke shi ku duba: idan ya kumbura, ledarsa ta yi tulu, ya gama aiki, kuma haɗari ne a bar shi a ciki. Idan batir ya mutu, katin da kansa zai koma tsarin Write Through, wato ba zai ce an rubuta ba sai bayani ya kai faifai. Saba za ta yi nauyi, ma'aikata su fara ƙorafi. A nan ne wani zai gano akwai zaɓin tilasta wa katin ya ci gaba da Write Back ko babu batir. Gudu zai dawo, a yaba masa. Don Allah kada ku yi. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ganganci ne da dukiyar mutane. A sayo batir, kafin ya iso a yi haƙuri da nauyin. Su ma faya-fayan suna da 'yar ma'ajiyarsu wadda batirin katin ba ya tsarewa, a kashe ta daga tsarin katin.

Wani zai ce ai muna da inbata da sola. Madalla. Amma ɗan tsakanin nan da ake juya wuta daga NEPA zuwa janareta ya isa ya kashe saba. A sa UPS tsakaninta da bango, a haɗa shi da sabar ta waya, don idan batirinsa ya kusa ƙarewa ya umarce ta ta kashe kanta cikin tsari. A kuma tabbatar ginin na da wayar ƙasa ta gaske.

Na bakwai: zafi, ƙura, da wanda zai riƙa dubawa.

Guntun da ke tsakiyar katin yana zafi ƙwarai, kuma yawancinsu ba su da fankar kansu, ƙarfen shan zafi kawai gare su. Masu ƙera irin na LSI sun ƙayyade iska mai gudun ƙafa 200 a minti ta riƙa bi ta kansa. A sabar da ake jerawa a kanta, fankokin gaba na bayar da wannan, muddin murfi na rufe, robar iska na wurinta, kuma gidajen faifan da ba kowa an toshe su. Barin murfi a buɗe wai don ta sha iska yana ƙara mata zafi ne. Idan kuma kwamfutar tebur aka mayar saba, sai an ɗaura wa katin 'yar fanka. A Maris da Afrilu, da zafi ke dosar digiri 40, ɗakin da ba na'urar sanyaya aƙalla ya samu mashigar iska da mafita.

Wanda ya taɓa buɗe saba a kusa da injin gurza bayan hunturu ya san abin da zan faɗa. Gashin auduga da jar ƙura sun haɗu sun toshe tsakanin haƙoran ƙarfen shan zafi, sun yi kauri har ana ɓare su da yatsa. A fitar da ita waje a busa da bulowa, a riƙe fankoki kada su juya, a farkon hunturu da ƙarshensa. Katin da ya daɗe, a sauya masa man da ke tsakanin guntu da ƙarfen.

Sannan wa ke duba fitilu? RAID na ɓoye mutuwar faifai, aikinsa ke nan. Faifai zai mutu, fitilarsa ta koma ruwan lemo, kowa ya ci gaba da aiki wata da watanni, sai na biyu ya bi shi. A naɗa mutum guda da sunansa, ya riƙa dubawa kowane mako yana rubutawa a littafi. A saita iDRAC ta Dell ko iLO ta HP ta riƙa turo saƙo. A ajiye faifai guda a durowa, idan da hali har da kati irin wanda ke ciki, domin daga Malumfashi kafin a bi ta Dayi da Gwarzo a shiga Kano a dawo yini ya tafi, na Legas kuwa sai an kwana biyu ana jiran mota.

Kuma katin nan ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Abin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure, katin zai goge shi a duk faya-fayan lokaci guda. Ɓarawo, gobara da manhajar masu garkuwa da bayanai ba ruwansu da RAID 6. A ajiye kwafi a wani gini daban. Bayanan nan kuma na mutane ne: lambar NIN, lambar BVN, lambar waya, bashin da ke kan magidanci. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su, kuma kafin doka amana ce. Tsohon faifan da aka cire kada a ba yaro ya kai kasuwa sai an shafe shi sarai, idan ya ƙi shafuwa a fasa shi.

Shugaba, ranka ya daɗe, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.  Ga saba nan a kan tebur da kati da wayoyinsa, bayan tambayoyi duk mai so ya matso ya saka da hannunsa. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi garin da ya fito da irin na'urar da yake aiki da ita, don amsar ta dace da shi.